Turakun Raga a Gonar Baba

Itacen na fara gani kafin in ga mutumin. Ina dawowa daga Islamiyya da yamma, ni da ƙawata, sai na hango wani farin turke yana tafiya a tsakiyar gonar da aka gama girbewa. Da na tsaya na duba sosai, ashe wani dogon saurayi ne ya saɓo shi a kafaɗa. Rigarsa ruwan ɗorawa ce, ta koɗe, an rubuta lamba ɗaya a bayanta da fenti. Ya zura turken a rami, ya tura yashi da ƙafa, ya danne da diddige, sannan ya ja da baya ya rufe ido ɗaya yana duba ko ya miƙe.

A cikin jakata a ranar, tsakanin littafin fiƙihu da na hadisi, akwai wani littafin soyayya da na karɓo haya a kasuwa. Samarin da ke cikin irin waɗannan littattafai daga mota suke fitowa, ƙamshinsu ya riga su isowa. Wannan kuwa ƙafarsa fari fat da ƙasa. Duk da haka zuciyata ta yi abin da na sha karantawa cewa zuciya tana yi.

Ƙawata ta ja min hijabi. "Ke, mi kika kallo haka? Icce na hwa."

Na ce mata na sani.

Unguwarmu tana bakin garin Wurno, ta hanyar Magarya. Mutanen cikin gari suna ce mana ƙauyawa, mutanen ƙauye suna ce mana ƴan birni. Muna da ƙungiyar ƙwallo wadda ta girme ni, amma ba ta taɓa mallakar fili ba. A gonar geron wani dattijo ake bugawa, mahaifin wannan saurayin, wanda kowa ke kira Baba. Shi kansa Baba ya buga ƙwallo a nan da ƙafa ba takalmi, zamanin gonar tana hannun nasa mahaifin.

Ga yadda abin yake. Da an ɗaure damman gero an kwashe kara, ƴan wasa za su fito da fartanya su tone tushiya ɗaya bayan ɗaya, su baje kunyoyi, su kafa turaku huɗu su ɗora sandunan sama. Daga nan gona ta zama fili har ƙarshen bazara. Saboda shanu ba sa samun kwana a cikinta kamar sauran gonaki, ƴan wasan ne ke kawo taki a amalanke idan hadari ya fara haɗuwa. Ranar da aka yi ruwan shuka kuwa, mai tsaron gida shi ke tumɓuke turken farko, sauran su cire sauran, a jingine su a bayan rumbu, ƙungiya gaba ɗaya ta shuka wa Baba gonarsa. Noman farko ma gayyarsu ce. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, ba a kuma taɓa saɓa shi ba.

Ƙungiyar tana buga rukuni na biyu na gasar jiha. Ƴan Rabah su zo a bayan a-kori-kura suna kiɗa da jarka, ƴan Goronyo su zo, ƴan Boyekai su zo da wani ɗan wasan bayansu wanda ake cewa takarkari ma yana kauce masa. Ana fara gasar bayan kaka, a gama kafin damina, don kusan kowane ɗan wasa manomi ne.

Ba zan tsawaita labarin yadda aka yi muka yi aure da saurayin nan ba. Na rubuta masa wasiƙa uku ban ba shi ko ɗaya ba. Shi ne wata rana ya tare ni a hanya ya ce ya lura kullum takalmina a daidai gonarsu yake tsinkewa. Bayan shekara biyu aka kai ni gidansu, gidan da katangarsa ta baya take kallon filin.

Matar aure ba ta fita kallon ƙwallo, don haka sai na riƙa kifa turmi a jikin katanga ina hawa. Daga nan ragar gabas kawai nake gani sosai, saboda haka rabin wasa nake ganin mijina, rabin kuma sai dai in saurari ihun mutane in gane abin da ya faru. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune tana tsince wake takan ce, "Sauko min bisa turmi, ɗiyar nan. Abin da muka daka abinci ciki na." In na sauko, ba a jimawa sai ta tambaya, ba tare da ta ɗago kai ba, "An ci shi?"

Idan ya tashi sama ya kama ƙwallo, rigar nan ta ruwan ɗorawa ta buɗe, nakan ji kamar ni kaɗai aka yi wa. Na yarda a raina cewa wata rana wani zai zo daga nesa ya gan shi, ya tafi da shi, in ji sunansa a rediyo.

Wata takarda daga masu shirya gasar ta zo a bazarar da nake da cikin fari. Magatakardan ƙungiya, wani malamin firamare mai son dogon bayani, shi ya karanta ta a zaurenmu bayan la'asar. Na kai musu fura na tsaya a bayan ƙofa.

Masu shirya gasar sun sake tsarin rukuni na biyu. Wurno da Rabah da Goronyo za su zama shiyya ɗaya, a rage yawan ƙungiyoyi. Gasar za ta riƙa shiga cikin damina, don ta yi daidai da ta manya. Kowace ƙungiya sai ta nuna fili na dindindin, wanda ake iya bugawa a cikinsa rani da damina. Za a turo jami'i ya duba. Wadda filinta bai cika ba za a cire ta, ƴan wasanta masu kyau su shiga ƙungiyar cikin gari.

"Rani da damina," in ji ɗan wasan gabanmu, wani gajere mai baki. "To cikin gero za mu buga? Ɗan Boyekai ya ɓoye cikin kara ya karya mutum ba a gani ba."

Aka yi dariya kaɗan. Magatakarda ya ce gaskiya akwai hujja a tsarin. Sau nawa aka bar wasa ba a ƙarasa ba don ruwa ya sauka da wuri? Sau nawa tushiyar da aka manta ta huda ƙafar ɗan mutane? Kuma masu neman ƴan wasa ba sa zuwa gona.

"Malam, kai wa kaka goyon baya?" in ji gajeren.

"Karatu nika yi muku, ban rubuta ba."

Daga nan kowa ya juya ga Baba, wanda ke zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Maganar a fili take. Idan ana son ƙungiya ta tsira, sai a bar gonar ba shuka. Ita ce kuma gonar da ke cika rumbun gidanmu. Muna da ɗan fegi a fadama inda ake albasa, amma tuwo da fura na shekara daga nan suke fitowa.

Baba ya ja carbinsa har ƙarshe. Sannan ya nuna mijina da carbi. "Ƙarhina ya ƙare, gona tashi ta yanzu. Shi aka tambaya."

Da mijina ya shigo cikin gida na ga fuskarsa ta yi nauyi. Ni kuwa a lokacin abin ya yi mini kama da tsakiyar littafi, wurin da ake gwada jarumi. Na zauna kusa da shi na ce masa shekara ɗaya ce. Jami'i ya zo ya ga fili ya sa hannu, ƙungiya ta shiga sabon tsari, manya su fara zuwa kallo. Na ce masa wanda bai taɓa saɓa wa tsoro ba ba ya zama komai. A wani littafi na tsinci maganar, na faɗa masa ita kamar tawa.

Ya dube ni ya ce, "Amarya, kin taɓa ganin rumbu ba komi ciki?"

Ban taɓa gani ba. Mahaifina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a buhu ake kawo mana hatsi. Amma mijina ya saurare ni, ko kuma ya saurari abin da shi ma yake so. Ya ce wa magatakarda a faɗa wa jami'i ya zo, za a bar turaku a tsaye.

An ce zai zo ranar Asabar. Ranar Alhamis da hantsi gabas ta yi baƙi, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya har azahar. Ruwan shuka ne, ba mai shakka. Washegari tun da safe hanya ta cika da mutane, maza da sungumi a gaba, mata da yara da ƙoƙon iri a baya. Kowace gona da ta kewaye mu cike take da mutane. Tamu kaɗai ta tsaya da fararen turakunta huɗu, ƙasa jiƙe tana ƙamshi. Ban taɓa ganin turakun nan a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, kuma na ga sun yi kyau ƙwarai.

Asabar ta zo, jami'i bai zo ba. Magatakarda ya buga waya aka ce masa filayen Goronyo ake dubawa, sai mako mai zuwa.

Geron maƙwabta ya tsiro, layi layi, kamar an zana da kore. Matan unguwa suka fara shigowa gaida Inna fiye da yadda suka saba. Wata gwaggon mijina ta same ni ina surfe ta ce, "Amarya, sannu da aiki. Bana ƙwallo za ki tuƙa muna, ko damawa aka yi?" Matan suka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙwaryar awo ta shiga ɗaki.

Aka yi ruwa na biyu. Mako ya zagayo, aka sake ɗagewa, wai hanyar wani ƙauye a Rabah ta yanke, jami'in ya maƙale can. Ƴan wasa suna zuwa atisaye da yamma kamar kullum, amma ba sa daɗewa, don kowa daga gonar ubansa ya taso a gajiye. Daga kan turmi nakan ga mijina a tsakanin turaku, idonsa ba ya kan ƙwallo, yana kan gonar maƙwabci. Gajeren nan ya zura masa uku a jere wata rana, har ya ce, "Gola, in bacci kaka ji a kawo maka tabarma."

Gero yana da lokacinsa. Idan aka makara ƙwarai, ruwa zai ɗauke kafin zangarniya ta cika ido. Kowa a gidan ya san haka, ni ma zuwa lokacin na sani, don Inna ta faɗa mini sau ɗaya, a hankali, tana tankaɗe. Amma duk yamma sai in ce masa ya ƙara haƙuri kwana biyu.

Baba bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba. Abin da yake yi kawai, kullum da safe sai ya sauko da damin irin da ya ware tun kaka, zangarniyoyin da suka fi kowanne tsawo, ya baje a tabarma ya duba ko ƙwaro ya shiga, ya sake ɗaurewa ya mayar. Kullum. Mijina yakan wuce ta gabansa ya gaishe shi ya fita.

Ruwa na uku ya sauka da asuba, kwana goma sha shida bayan na farko. Da gari ya waye na ji ƙarar taɓarya, na fito na tarar Baba da kansa ya sa Inna ta sussuke irin. Ya zuba a ƙoƙo ya ajiye a bakin zaure, ya zauna kusa da shi. Bai kira kowa ba.

Mijina ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙoƙon. Na matsa na riƙe masa hannun riga na ce magatakarda ya ce wannan karon tabbas ne, Laraba. Ya dubi cikina, wanda ya fara fitowa, ya zare hannuna a hankali. Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta ruwan ɗorawa, abin da ba ya yi sai ranar wasa ko ranar kafa turaku, ya fita.

Na hau turmi. Ya je ragar gabas ya sauke sandar sama, ya rungume turken ya girgiza shi gaba da baya har ƙasa ta sake shi. Ya saɓa a kafaɗa, daidai yadda na fara ganinsa, sai dai wannan karon gida ya nufo.

Kafin ya koma ɗauko na biyu labari ya zagaya. Ƴan wasa suka fara zuwa ɗaya ɗaya. Gajeren ne ya fara magana, kuma ba da wasa ba.

"Kwana huɗu, Gola. Mun jira sha shida, huɗu sunka gagare ka? Ƙungiyar da ubanninmu sunka bar muna?"

"Gonar ma su sunka bar muna," in ji mijina. "Ka ɗauki na yamma ko in ɗauka?"

Gajeren ya tsaya yana huci. Ya shuri yashi. Sannan ya tafi ya kama turken yamma yana zagin turken da duk wanda ya kafa shi da zurfi haka. Magatakarda ya naɗe wando ya karɓi ƙoƙon iri, bai iya ba, yana zuba da yawa a rami ɗaya, Baba yana bin sa yana ragewa. Kafin azahar sun shuke gonar kaf.

Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka. Kwana uku ban yi masa magana ba sai gaisuwa. A raina ya ɓata labarin a daidai wurin da ya kamata ya yi daɗi.

Jami'in ya zo ranar Laraba kamar yadda aka ce. Dattijo ne mai ƙiba, da takardu a hammata. Gero ya riga ya leƙo. Ya tsaya a bakin gona, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi tsakanin layuka yana taka-tsantsan har inda ramukan turaku suke. Daga katanga ina jin su.

"Nan ne hilin?"

"Nan na, ranka ya daɗe," in ji mijina. "Bayan kaka."

"Yaushe kunka shuka?"

"Asabar."

Jami'in ya girgiza kai. "Kun makara." Ya tsuguna ya taɓa wani tsiro. Ya ce shi ma ɗan manomi ne daga Rabah, ya san abin da aka yi asara don jiransa, kuma bai ji daɗi ba. Amma takardarsa tambaya ɗaya take yi, ana iya buga wasa a nan da damina ko ba a iya. Ko da ya tarar da turaku a tsaye, sai mai gona ya sa hannu cewa ya bar ta ba shuka har abada, ba shekara ɗaya ba. Wannan ban sani ba. Magatakarda ma ya ce bai fahimci haka daga takardar ba.

Baba ya sa aka kawo masa fura. Ya sha, ya yi godiya, ya rubuta abin da zai rubuta a kan cinyarsa.

Aka cire ƙungiyarmu, tare da ta Boyekai da wasu irinta. Ƙungiyar cikin gari ta ɗauki mutum huɗu daga cikinmu, har da gajeren, har da mijina. Filinsu yana da katanga, ragarsu ta ƙarfe ce. Mijina ya je atisaye sati biyu. Amma da safe suke yi, lokacin noman farko, kuma waɗanda za su yi wa Baba gayya rabinsu sun watse. Ya mayar musu da rigarsu. Gajeren ya zauna, ya buga musu shekaru, har na taɓa jin sunansa a rediyo.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Geronmu rabinsa bai cika ido ba. Na haihu da kaka, kuma ni Inna ta miƙa wa ƙwaryar awo, ta ce lokaci ya yi da zan koya. Kafin bazara ta ƙare sai da na riƙa shiga rumbu da ƙafata ina sharo ƙasansa da tsintsiya. Mun kai sabon gero da ƙyar, da taimakon albasar fadama da wake. Sau da yawa ina cikin rumbun nan nakan lissafa kwana sha shidan, in tuna wa ya riƙa cewa a ƙara biyu. Mijina bai taɓa tuna mini ba, ko a cikin faɗa.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa. Mijina yanzu gemunsa ya yi furfura, gwiwarsa ta dama tana damunsa in an yi sanyi. Da damina yana gona, da rani yana fadama, tsakani yana kabu-kabu daga Wurno zuwa ƙauyuka. Safar hannunsa ta tsaron gida ita yake sawa in zai ɗaure kara. Idan ƙungiyar cikin gari tana wasa yakan je ya zauna a bayan raga, ya dawo yana ce mini golansu yana da hannu amma ba ya magana da ƴan bayansa.

Duk kaka, da an kwashe damma, samarin unguwa suna zuwa zaure su gaishe shi, su yi ta zagaye-zagaye kafin su faɗi abin da ya kawo su. Shi ke zaune a kan buzun yanzu. Yakan bar su su gama, sannan ya faɗa musu sharaɗin, tushiya, taki, shuka, noman farko. Ba gasa suke bugawa ba, ba mai rubuta sakamako, unguwa da unguwa ne, wani lokaci ƴan Magarya su zo a kan babura. Turaku uku na da ne. Ɗaya gara ta cinye, ya saro sabo bara ya shafe shi da farar ƙasa. Ba ya yarda kowa ya kafa na gabas sai shi, kuma har yau sai ya ja da baya ya rufe ido ɗaya.